Shirun da Na Yi Daga Nyala Zuwa Jidda

Kwananmu ɗaya da barin Nyala a jirgin ƙasa, da hantsi, ina zaune a kan buhun kayanmu da kofin shayi a hannu, sai na tuna abin da ke cikina bai motsa ba tun jiya da la'asar.

Ya saba da shayi. Duk sa'ad da na kurɓi mai zafi mai sukari, kafin in kai rabin kofi sai in ji ya harba a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, sau biyu, wani lokaci uku, kamar mai ƙwanƙwasa ƙyaure. Rannan na shanye kofin har da ganyen da ya kwanta a ƙasa. Na sa hannu a ƙarƙashin mayafi na jira. Tarago cike yake da mutane da awaki da ƙarar ƙarfe, na ce wa raina girgizar jirgi ce ta hana ni ji. Da munka tsaya a wata tasha da ko rumfa ba ta da ita, ƙarar ta ɗauke, na riƙe numfashina na saurara da dukan jikina. Ban ji komi ba.

Maigidana yana gefena, ya jingina da kan keken ɗinkinsa da munka naɗe cikin bargo tun daga gida, yana gyangyaɗi. Taɓa shi kawai za ni yi in ce, "Malam, tashi, akwai magana." Ban taɓa shi ba. Sai da na yi kwana goma sha uku ina ɗauke da maganar nan.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Turba, a ƙasar Isa. Damina biyu gero ya fidda kai ya bushe a tsaye. A ta uku sau huɗu munka yi shuka, sau huɗu rana ta ƙone ta. Anka share rumbuna da tsintsiya, mata sunka koma jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Fulanin wajen Tsamaye suna kawo shanu kasuwar Isa, sai an tallabe saniya kafin ta miƙe, mai saye kuwa fatar kawai yake dubawa. Maigidana tela ne a kasuwar. Wanda ke neman abin da zai sa a baki ba ya ɗinka riga. Likkafani ne kaɗai bai yi kwantai ba, shi kuwa da hannu ake ɗinka shi a ƙofar gida.

Yana da wa a Jidda, ya daɗe can. Ya aiko da wasiƙa ya ce a zo, akwai ɗinki. Jirgin sama na masu hali ne. Mu hanyar kakanni za mu bi, sai dai inda sunka taka da ƙafa mu za mu hau jirgin ƙasa a tarago mafi araha, inda ruwa ya tare mu mu shiga fito. Na yi sakandare a Sakkwato, ni kaɗai a matan ƙauyenmu. Na ɗauko littafin taswirata na makaranta na bi wa maigidana hanyar da yatsa, ƙasa bayan ƙasa, har yatsana ya faɗa Bahar Maliya ya fita a nahiyar Asiya. Ya yi dariya ya ce, "To, Malama, ke ad direba. Ni yaron mota ne." Haka yake kirana, Malama, rabi tsokana rabi alfahari.

A lokacin na yi ɓatan wata biyu. Na sani, kuma ban faɗa ba.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce me ya hana. A wurinmu mace ba ta faɗin cikin farko da bakinta. Ba ta faɗa wa uwar da ta haife ta, bare miji. Ana gani ne a yi kamar ba a gani ba, har ya kai wata bakwai dangi su zo su ɗauke ta zuwa gidan iyayenta ta haihu a can. Ɗan ma in an haife shi ba ta kiran sunansa. Ni ban taɓa jin innata ta ambaci sunan yayana ba, "wancan" take cewa, ga shi da furfura a gemu. Ranar da za mu tashi gwaggona ta kama hannuna ta dubi faratana, ta dubi wuyana, ta ce, "Anya kuwa?" Na sunkuyar da kai. Ba ta ƙara ba. Ta san in an bar ni a gidan mahaifina, shi ma rumbunsa a share yake.

Mun hau mota daga Isa ta Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, inda dogo ya fara. Daga nan jirgi ya kai mu Zariya, munka canja, munka sake canjawa a Kafancan, har Maiduguri. Ba mu taɓa kama masauki ba. A tasha muke shimfiɗa tabarma, guzurinmu garin gero da ƙuli-ƙuli, in an dace a samu albasa. Munka ƙetare kogin Shari a fito, mu da jakuna da wata mota da ake ta turawa. Ƙasar Cadi a saman kaya munka ratsa ta, a bayan manyan motoci, ina riƙe da igiya har tafin hannuna ya sale. A Janaina, garin farko na Sudan, guzuri ya ƙare. Munka zauna wata uku, ya kafa kan kekensa a kan teburin aro yana yi wa mutane faci, har abin ci gaba da tafiya ya taru.

A nan ciki ya fito. Maigidana ya gani mana. Ya daina barina in ɗauki tulu. Yakan dawo da tsamiya a aljihu ya ajiye inda za ni gani. Sukarinsa na shayi ya koma kofina. Wata rana da azahar muna kishingiɗe a inuwa, hannunsa ya sauka a jikina daidai lokacin da abin ya juya. Ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi, ya dubi sama ya ce, "Gobe za a yi zahi." Na ce, "Da alama." Duk hirar da munka taɓa yi a kan ɗanmu ke nan. Na daɗe ina jin daɗinta. Daga Janaina mota ta kai mu Nyala, inda dogon Sudan ya fara.

To, yanzu ga ni a jirgin Nyala, ina so in ce wani abu ya samu abin da ba mu taɓa cewa akwai shi ba. Ta ina za ni fara?

Kwana na biyu na sayi shayi sau uku. Na matsa cikin da tafin hannu, na kwanta ta hagu, na kwanta ta dama iyakar yadda cunkoso ya bari. Ya yi nauyi, in na juya sai ya biyo ni ya faɗa gefe kamar dutse a cikin jaka. Da a ce ban yi karatu ba da na ce barci yake yi. Amma na zauna a aji malama ta zana mana shi a allo da alli mai launi, ta gaya mana abin da ake nufi in motsi ya ɗauke, da abin da ke samun uwa in an bar shi a ciki. Na ci jarrabawar. Ina kallon taga ina maimaita darasin kamar hadda. A waje kuwa fari ya riga mu zuwa ƙasar nan. Mushen raƙuma a gefen dogo, mata a tsaye a tashoshi da jarirai a kafaɗa, ba sa ma roƙo, kallon jirgi kawai suke yi. Wuri ɗaya munka baro, wuri ɗaya muke ratsawa.

A Babanusa wata tsohuwa ta shigo da ƙwaryar gyaɗa a ka. Ta kutsa ta zauna a gabanmu, ta ƙura wa maigidana ido, sai ta tafa hannu ta yi magana da Hausa, Hausar gida sak.

"Kai! Wagga tsaga ai ta gida ce. Shida da bakwai. Bagobiri, mi ya kawo ka ƙasar mutane, ka rungume ƙunshi kamar ka sato?"

Ya washe baki, rabonsa da jin irin wannan tun Maiduguri. "Keke ne, Inna. Yunwa ta koro mu."

"Yunwa ta kori Bagobiri? Da can faɗa kaɗai ka korar ku, shi ma ku ka tsokano shi."

"Inna, ke ma ai ga ta nan a kumatunki."

"Tawa ta fi taka kyau. Wanzamin da ya yi maka da gatari ya yi aiki."

A Sudan anka haife ta, kusa da Sinnar. Mahaifinta mutumin Sabon Birni ne, ya taso da ƙafa zai je Makka. "Ya ce kwana biyu za ya yi nan ya huta," in ji ta. "Ga ni da 'ya'ya tara, jikoki goma sha. Shi kuwa yana can kwance, ko ruwan gishirin teku bai gani ba." Ta faɗa tana dariya, tana ɓare gyaɗa tana zuba mani a cinya. Sai idonta ya tsaya a kaina.

"Ɗiyata, wata nawa?"

Ga wadda ta haifi tara, ga harshenmu a bakinta. Allah ne ya kawo ta. Na buɗe baki. Matan da ke kusa sun juyo, maigidana kuwa gwiwarsa tana taɓa tawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba komi, Inna. Ƙiba ce."

"Ƙiba! Cikin wagga yunwa? Ku ji mani ɗiya!" Ta yi dariya har da hawaye. "Na fari ne ke nan. To, madalla. Ashe kunya ba ta mutu ba Gobir. Namu na nan tun bai zauna ba sun cika gari da labari, har miji su ka aika ya sawo masu zanen goyo."

"Kuma ta yi boko, Inna," in ji maigidana. "Har sakandare."

"Boko, kuma ta riƙe wanga hali? Allah ya yi wa uwarki albarka."

Ta juya ta fassara wa matan da Larabci. Sunka dube ni suna gyaɗa kai, wata ta shafa kafaɗata. Maigidana ya kau da fuska wajen taga, amma na ga kumatunsa, murmushi yake yi. Tun da munka baro gida ban ga ya ji daɗi haka ba.

Ta ba ni dama ta biyu, ba za ni yi mata ƙarya ba. A Kosti jirgi ya tsaya rabin yini. Munka sauka ni da ita da butoci, munka zaga bayan tasha. Daga inda muke ana hango wani farin gini da mata a layi a bakinsa, ta ce asibiti ne. Tana zuba mani ruwa a hannu ta rage murya ta ce, "Nan ba maza. Yana dai wasa, ko?"

Na gyaɗa kai.

Na sha tambayar kaina dalili. Ta riga ta ɗora ni a kan tudu a gaban mutane, na ji nauyin saukowa. Akwai kuma wani abu: muddin ban furta ba, ina iya sayen wani kofin shayi in jira. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya raba lafiya." A Sinnar ta sauka, ta bar mana sauran gyaɗar, tana yi wa maigidana tsiya ta taga har jirgi ya ja.

Khartum kwana biyu munka yi a tasha muna jiran jirgin gabas. Ban ga garin ba. An ce koguna biyu suna haɗuwa a nan, maigidana ya ce mu je mu gani tun da kallo kyauta ne, na ce ƙafata na ciwo. Daga nan sai Atbara, sai duwatsu baƙaƙe da rairayi da ba ko sabara. Bakina ya soma ɗaci. Nonona da ya cika a Janaina ya saki. Na daina sayen shayi.

A bakin teku akwai wani fili da masu jiran jirgin ruwa ke zama, kowa ya kafa zane a kan sanda ya yi inuwa. Kwana biyar munka yi. A na biyu anka kira mu wurin duba lafiya. Mutumin da ke kan tebur yana jin Turanci, na ji shi yana yi da wani. Ina cikin layi na shirya maganata, jimla ɗaya, na gyara ta, na sake gyarawa kamar za a ba ni maki. Da na iso gabansa ya karɓi katin allurata ya buga hatimi, ko ɗaga kai bai yi ba. Maigidana yana bayana, numfashinsa a wuyana. Na san in na yi magana za a tsare mu, jirgi ya tafi, abin da ya rage mu ci shi ne keken nan, mu zama irin mahaifin tsohuwar da ya tsaya hutun kwana biyu. Na karɓi katina na wuce.

A rana ta uku ruwa ya fara zubo mani kaɗan-kaɗan, mai wari. Na yayyaga tsohon zane ina tarewa, in wanke a ɓoye in shanya a ƙarƙashin tabarma. A ta huɗu sanyi ya kama ni a tsakiyar zafin da ke narka kwalta, haƙorana suna haɗuwa. Maigidana ya taɓa goshina ya ce, "Sauron Kosti ne." Ya tafi ya samo ƙwayar zazzaɓi. Na haɗiya. Ya tsaya a kaina ya daɗe, ya buɗe baki, sai ya ce, "Ki sha ruwa da yawa."

Da rana tsaka munka shiga jirgin ruwa. Tikitinmu na sarari ne, a saman jirgi, inda kowa ke shimfiɗa tabarmarsa tsakanin igiyoyi da buhuna. Ni da na zana tekun nan da shuɗin fensir a makaranta, da na gan shi ban ji komi ba. Ƙasa ta ja da baya ta ɓace. Bayan la'asar ciwo ya kama ni a ƙugu, ya saki, ya sake kamawa. Na cije mayafi. Da na ɗaga jikina na ga tabarma ta jiƙe da jini, yana gangarawa wajen kayan wani mutum.

Ban san na kama rigar maigidana ba sai da ya juyo.

"Malam, ya mutu."

Bai tambayi wa ya mutu ba. Ya dubi tabarmar, ya dube ni. "Tun yaushe?"

"Tun bayan Nyala."

Na ga leɓunansa suna ƙidaya tashoshi. Ya zauna daɓas a kan ƙarfe.

"Na gani," in ji shi. "Wallahi na gani. Na ga kin bar sa hannu ƙarƙashin mayahi. Na so in tambaye ki Kosti. Na so in tambaye ki Khartum. Bakina ya yi nauyi. Na ce Malama ce, ta fi ni sani, in da wani abu za ta hwaɗi."

"Ni kuwa na ce za ka tambaya."

Ya miƙe ya ruga. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ina jiyo shi yana bin ma'aikatan jirgi yana ihu da Hausar da ba mai ji, "Matata! Ciki gare ta! Ku taimaka, ciki gare ta!" A gaban ɗaruruwan mutane yake faɗa. Ko a cikin ciwon nan sai da na ji kunya ta rufe ni, Allah ya gafarta mani.

Mata sunka taso, ban san ko ɗaya ba. Sunka kewaye ni da mayafansu sunka yi labule. Wata mai zanen shuɗi a leɓe ta ɗora kaina a cinyarta tana ta magana a hankali, ban ji ko kalma ba. Wani ma'aikaci ya zo da akwatin magani, ya leƙa, ya miƙo auduga da allura ɗaya, ya koma. Kafin rana ta faɗi abin ya fito. Ba kuka. Na ji matar da ke ƙafafuna ta yi salati ƙasa-ƙasa, na ga ta miƙa wani ƙunshi ta saman labule, maigidana ya kwance rawaninsa ya karɓa. Ban ce a nuna mani ba. Mabiyiya ta ƙi fita, jini kuma ya ƙi tsayawa. Abin da ya faru daga magariba zuwa wayewar gari ban san shi ba. An ce a zaune ya kwana da ƙunshin a cinyarsa.

Na farka na ga rufin ɗaki fari da fanka tana juyawa, ashe asibiti ne a Jidda. Robar ƙarin ruwa a hannuna, wata a ɗaya hannun, jan jini na sauka. Na sake nutsewa. Haka na yi ta yi, in taso in koma, ban san sau nawa ba. Sashen mata ne, ba a barin maza su shiga, don haka duk fuskar da na gani baƙuwa ce. Na ɗauka ma maigidana ya tafi, ko an hana shi sauka daga jirgi.

Wani tasowa da na yi, likita biyu suna tsaye a kaina, mace da namiji, suna magana da Turanci. Sun ga tsagar fuskata da kaushin ƙafata, ba su zaci ina ji ba. Namijin ya ce guba ta riga ta shiga jini. Ya ce ɗan ya daɗe da mutuwa a ciki, ya fi mako. Macen ta ce an kwashe abin da ya rage, saura a ga ko zazzaɓin zai sauka. Ya ce bai sa rai ba, a nemi mijin a gaya masa ya shirya. Na ji kowace kalma. Idona a rufe na fassara wa kaina da Hausa, a tsanake, kamar a aji. Ban ji tsoro ba a lokacin. Na yi tunanin innata tana jiƙa anza, sai wasiƙa ta iso bayan wata da watanni, a nemi mai karanta mata, alhali ni ce mai karanta wa ƙauyen wasiƙa. Tsoron daga baya ya zo, kuma bai tafi ba. Har yau in na ji motar kaya ta wuce ƙasa ta girgiza, sai na nemi bango na dafa.

A rana ta huɗu, an idar da sallar azahar, na farka jikina sharkaf da gumi, kaina wasai. Likitar nan mace ta zo da wata ma'aikaciya baƙa, babbar mace, wadda kakanninta Hausawa ne da sunka zo aikin hajji ba su koma ba. Hausarta ta tsufa, tana jan ta kamar mai tuno waƙa. Likita ta duba abin awon zafi, ta danna cikina, ta ɗaga zane ta duba. Ta ce wa ma'aikaciyar ta tambaye ni kwana nawa na yi ban ji motsi ba.

Ban jira fassara ba. Na ba ta amsa da Turanci: goma sha uku.

Ta tsaya da rubutu. "Kin yi makaranta?"

"Na yi."

"Kin san abin da ake nufi in motsi ya tsaya?"

"Na sani."

"To me ya hana ki gaya wa wani?"

Na nemi yadda za ni ce mata. Ba ni da kalmar a Turanci, kuma da ina da ita ba ta isa ba. Na ce, "Na farko ne." Ta jira ci gaba. Ma'aikaciyar ce ta yi ajiyar zuciya ta ce mata wani abu da Larabci, gajere. Likita ta dube ni, ta girgiza kai, ba da faɗa ba.

Ta ce zazzaɓi ya sauka tun safe bai dawo ba, jini ya tsaya, na fita daga haɗari. Na tambaye ta ko za ni sake haihuwa. Ta ce wannan ba ta iya faɗa yanzu ba, ciwon ya taɓa mahaifa ƙwarai. Ta rubuta wani abu a takardar da ke rataye a gadon, ta wuce gado na gaba.

Ma'aikaciyar ta tsaya. Ko da ta san na ji, sai da ta maimaita mani da harshenmu.

"Ta ce kin tsira, yarinya. Ki ce alhamdu lillahi mana."

Na ce alhamdu lillahi.

"Mijinki na bakin ƙofa, shi da wansa. Kwana huɗu yana nan kamar an dasa shi, masu gadi sun gaji da korar sa. Sun kai yaron tun ranar da kuka sauka, an yi masa sutura. Namiji ne. In kira shi ya leƙo?"

Na ce ta ɗan dakata. Wani abu nake ji a ƙirjina, zafi da tsami, kamar ana ɗure ni da ruwa. Na duba, gaban rigar asibitin ya jiƙe wuri biyu, yana yaɗuwa.

"Inna," na ce, "nono ya zo."

Ta leƙa. "Haka yake yi, bai san an rasa ba." Ta je ta dawo da farin ƙyalle mai faɗi, ta tayar da ni zaune, ta ce in ɗaga hannuwana. Sun ƙi tsayawa, sai da ta ɗora su a kafaɗunta. Ta fara naɗe mani ƙirji, tana ja da ƙarfi, zagaye bayan zagaye, tana cewa kada in taɓa shi, kada in sha ruwa da yawa, kwana uku ko huɗu zai kafe.